Nazarin Fasahar Duniyar Kwaikwayo da ta Ƙari kan Zahiri a Jami'a: Abin da Ake Koyarwa da Abin da Yake Ɗorewa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake koyar da ƙirƙirar duniyar kwaikwayo da fasahar ƙari kan zahiri a jami'o'i, musamman na Amurka, inda fannin ya samo asali. Ta bi tarihinsa daga ɗakunan bincike na shekarun 1960, ta fayyace ginshiƙan karatunsa, sannan ta nuna cewa na'urorin da ake koyo da su suna saurin tsufa, alhali ilimin da ya shafi gani da ji da ɗabi'ar ɗan'adam yana nan daram. Daga ƙarshe ta duba gurbin da masana harshe da al'ada suke da shi a wannan fage.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2014 kamfanin Facebook ya sayi wani ƙaramin kamfani mai suna Oculus a kan kuɗi kimanin dala biliyan 2. Abin da Oculus yake ƙerawa shi ne wani tabarau da ake ɗaurawa a fuska, wanda yake sa mutum ya ji kamar yana cikin wani wuri da kwamfuta ta zana. Bayan wannan ciniki jami'o'i da yawa sun buɗe kwasa-kwasai, wasu har da digiri sukutum, domin yaye ɗaliban da za su iya gina irin waɗannan wurare.

Sai dai akwai matsalar da take fuskantar duk mai tsara manhajar irin wannan karatu. Digirin farko yakan ɗauki shekara uku ko huɗu, kuma sau da yawa tabaran da ɗalibi ya fara karatu da shi yakan bar kasuwa kafin ya kammala. Idan haka ne, me jami'a za ta koyar wanda zai amfani ɗalibi bayan na'urar ta shuɗe? Amsar wannan tambaya ita ce manufar wannan maƙala.

2.0 Ma'anar Fasahohin Biyu

Duniyar kwaikwayo, wadda a Turance ake taƙaita sunanta da VR, fasaha ce da take rufe wa mutum ganin abin da yake kewaye da shi, ta musanya masa da wani muhalli na kwamfuta. Idan ya waiwaya, muhallin yakan sauya daidai da waiwayensa, har ƙwaƙwalwarsa ta ɗauka cewa wurin yana nan tsaye, shi ne yake motsi a cikinsa. Ƙari kan zahiri kuwa, wato AR, yana barin mutum da ganin duniyarsa ta gaskiya, sai ya ɗora masa wasu hotuna ko rubuce-rubuce a kanta. Ana danganta sunan da Tom Caudell, wani injiniyan kamfanin jiragen sama na Boeing, wanda a farkon shekarun 1990 ya nemi hanyar nuna wa ma'aikata inda kowace waya za ta bi yayin haɗa wayoyin jirgi.

Masana biyu, Paul Milgram da Fumio Kishino, sun bayyana a 1994 cewa fasahohin biyu suna kan layi ɗaya ne: zahiri tsantsa a wannan ƙarshe, kwaikwayo tsantsa a wancan, sauran nau'o'i kuma suna tsakani. A 1997 Ronald Azuma ya gindaya sharuɗɗa uku da ake gane ƙari kan zahiri da su. Dole ya haɗa abin gaskiya da na kwamfuta, ya amsa motsin mutum nan take, kuma hoton da aka ɗora ya zauna daidai a gurbinsa ta fuskar tsawo da faɗi da zurfi. Sharaɗi na uku shi ne mafi wahala, kuma a kansa ne yawancin karatun fannin yake tafiya.

3.0 Asalin Fannin a Jami'o'i

Tun kafin kamfanoni su ga riba a wannan fasaha, jami'o'i ne suka raine ta. A 1965 Ivan Sutherland ya rubuta wata gajeriyar maƙala inda ya yi hasashen allon kwamfuta da zai zama kamar taga zuwa wata duniya. A 1968, a Jami'ar Harvard, shi da ɗalibinsa Bob Sproull suka haɗa wani tabarau mai bin motsin kai. Wani dogon hannun ƙarfe da aka rataye a rufin ɗaki ne yake auna inda kai ya juya, kuma abin da ake gani bai wuce siffofin da aka zana da layuka ba, irin su akwati marar bango. Duk da haka, ƙa'idar da ya tsayar ita ce ake bi har yau: a auna motsin kai, a sake zana hoto, a yi hakan da saurin da ido ba zai farga ba.

A Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill, Frederick Brooks, wanda ya kafa sashen kimiyyar kwamfuta a 1964, ya ɗora fannin a kan wata aƙida. A ganinsa masanin kwamfuta maƙeri ne, kuma ba a sanin ingancin abin da maƙeri ya ƙera sai mai aiki da shi ya gwada. Saboda haka ya riƙa ɗauko matsaloli daga masana sinadarai da likitoci da masu zanen gine-gine, yana sa ɗalibansa su warware su. A Jami'ar Washington da ke Seattle, Thomas Furness, wanda ya shafe shekaru yana ƙera wa matuƙan jiragen yaƙin Amurka na'urorin gani, ya buɗe ɗakin bincike a 1989. Da haɗin gwiwar wannan ɗaki ne Hirokazu Kato ya fitar da manhajar ARToolKit a 1999, wadda ta ba ɗalibai damar gwada ƙari kan zahiri da kyamara mai araha da takarda mai baƙin zane. A Jami'ar Illinois da ke Chicago kuma, Carolina Cruz-Neira, tana ɗalibar digiri na uku, ta haɗa kai da Daniel Sandin da Thomas DeFanti suka gabatar da CAVE a 1992, wato ɗakin da ake haska hotuna a bangayensa da daɓensa. A Jami'ar Columbia, Steven Feiner da ɗalibansa sun gwada a 1997 wata na'ura da ake goyawa a baya, tana nuna wa mai yawo sunayen gine-ginen harabar jami'ar.

Ko kamfanin Oculus ma bai rasa jibi da jami'a ba. Wanda ya kafa shi, Palmer Luckey, ya yi aiki a wani ɗakin bincike na Jami'ar Kudancin California, sannan Steven LaValle, farfesa daga Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign, shi ne ya jagoranci aikin lissafin bin sawun kai a farkon kamfanin.

4.0 Ginshiƙan Karatun

Jami'o'i sun bambanta wajen inda suke ajiye wannan karatu. Wasu suna sa shi ƙarƙashin kimiyyar kwamfuta, wasu ƙarƙashin zane da fina-finai, wasu kuma ƙarƙashin nazarin sadarwa. Amma idan aka duba abin da ake koyarwa, za a tarar da ginshiƙai huɗu.

4.1 Lissafi da Rubuta Manhaja

Kan ɗan'adam yana motsi ta hanyoyi shida. Uku juyi ne: waiwaye, ɗaga kai ko sunkuyar da shi, da karkata shi zuwa kafaɗa. Uku kuma gusawa ce: gaba ko baya, hagu ko dama, sama ko ƙasa. Ɗalibi yana koyon yadda ake bayyana waɗannan motse-motse da aljabara da lissafin siffofi. Wajen lissafa juyi ana amfani da wani tsarin lambobi masu sassa huɗu da ake kira kwataniyon, wanda William Rowan Hamilton ya gano a Dublin a 1843, fiye da ƙarni guda kafin a yi tabaran farko. Ɗalibi yana kuma koyon dalilin da ya sa na'urar auna juyi da take cikin tabarau take tara ƙananan kurakurai sannu a hankali, da yadda ake gyara su ta hanyar kyamarori masu lura da kusurwoyin ɗaki.

Sai batun sauri. Yawancin tabarau suna sake zana hoto kimanin sau 90 a sakan ɗaya, kuma kowane ido da nasa hoton. Ke nan kwamfuta tana da kusan milisakan 11 kacal ta gama kowane zane, milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Masu sana'ar sun ɗauki milisakan 20 a matsayin iyakar jinkirin da ya kamata a samu tsakanin motsin kai da sauyawar hoto. Ɗan lissafi zai nuna dalili. Idan mutum yana juya kai da saurin digiri 60 a sakan, aka samu jinkirin milisakan 50, hoton zai kauce da digiri 3. A kan abin da yake nesa da ido da santimita 60, wannan kaucewa ta kai kusan santimita 3. Ga mai wasa wannan ƙaramin aibi ne, amma ga likitan da aka ɗora masa hoton jijiya a kan jikin majiyyaci, babban haɗari ne. Ana gudanar da yawancin darussan aiki da manhajojin Unity da Unreal, tare da harsunan kwamfuta irin su C# da C++.

4.2 Sanin Gaɓɓan Ɗan'adam

Ginshiƙi na biyu shi ne wanda sababbin ɗalibai ba su cika tsammani ba. Tabarau yana aiki ne ta hanyar ruɗar gaɓɓai, kuma ba a iya ruɗar abin da ba a san yadda yake aiki ba. Tun 1838 Charles Wheatstone ya nuna cewa idan aka ba kowane ido hoto mai ɗan bambanci da na ɗan'uwansa, ƙwaƙwalwa takan haɗa su ta ga zurfi. Tazarar da take tsakanin ƙwayoyin idon babban mutum takan kai kimanin milimita 63, amma mutane sun bambanta sosai. Tabaran da aka ƙera bisa awon wasu mutane yakan gajiyar da idon wasu, kuma akwai binciken da ya danganta yawan jirin da mata suke fuskanta da rashin dacewar wannan awo.

Akwai kuma saɓani iri biyu da ɗalibi yake nazarta. Na farko yana cikin ido. A zahiri, idan mutum ya dubi abu na kusa, idanunsa biyu sukan karkato ciki, ƙwayar kowane ido kuma ta daidaita kanta da wannan nisa. A cikin tabarau idanu suna karkata bisa nisan da aka kwaikwaya, amma ƙwayar ido tana nan a kan nisa guda da madubin na'urar ya tsayar. Na biyu yana tsakanin ido da kunne. A can cikin kunne akwai sashen da yake sanar da ƙwaƙwalwa motsin jiki. Idan ido ya ce ana gudu, kunne ya ce ana zaune, sai jiri da tashin zuciya su biyo baya. Wannan shi ne bayanin da ya fi karɓuwa a wajen masana, kuma shi ya sa ake koya wa ɗalibai su guji motsa mutum a cikin kwaikwayo ba tare da ya motsa da kansa ba.

Sanin iyakar gaɓɓai yana buɗe ƙofar dabaru. A 2001 Sharif Razzaque da abokan aikinsa a Chapel Hill suka nuna cewa ana iya juya duniyar kwaikwayo kaɗan-kaɗan yayin da mutum yake tafiya, har ya yi ta kewaya ƙaramin ɗaki yana zaton miƙewa yake yi. Daga baya Frank Steinicke da abokansa a Jamus suka auna cewa idan da'irar ta kai kimanin mita 22 daga tsakiya zuwa baki, mai tafiya ba ya gane an karkatar da shi.

4.3 Gwaji da Awo

Abin da ya raba karatun jami'a da koyon sana'a a intanet shi ne tilasta wa ɗalibi ya kawo hujja. Bai isa ya ce abin da ya gina yana burge mutane ba, sai ya auna. Domin auna jiri ana amfani da wata takardar tambayoyi mai alamomi 16 da Robert Kennedy da abokansa suka wallafa a 1993, bisa bayanan matuƙan jiragen sojan ruwan Amurka. Domin auna jin halarta, wato yadda mutum yake ji kamar yana wurin da gaske, ana duba abin da jiki ya yi. A wani gwaji da Michael Meehan ya jagoranta a Chapel Hill, wanda aka wallafa a 2002, an tsayar da mutane a bakin wani rami na kwaikwayo mai zurfin kusan mita 6. Bugun zuciyarsu ya ƙaru, ko da yake kowannensu ya san daɓen ɗakin yana nan lafiya. Mel Slater ya raba wannan ji gida biyu a 2009: ruɗin cewa mutum yana wurin, da ruɗin cewa abin da yake faruwa yana faruwa da gaske.

Irin wannan awo ne ya ba fasahar mutunci a fannin lafiya. A 1995 Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory da Larry Hodges na Cibiyar Fasaha ta Georgia suka wallafa gwajin rage tsoron tsayi ta hanyar kwaikwayo. A 2002 wani bincike a Jami'ar Yale ya nuna cewa likitoci masu neman ƙwarewa da aka horar da na'urar kwaikwayo sun fi takwarorinsu sauri da kashi 29 cikin ɗari wajen wani mataki na tiyatar matsarmama, kuma kurakuransu sun yi ƙasa ƙwarai.

A nan ne kuma ake koyar da ɗa'ar bincike. Tabarau yana tattara bayanan motsin kai da hannu a kowane lokaci. A 2020 masu bincike a Jami'ar Stanford suka nuna cewa daga cikin mutum 511, kwamfuta ta iya gane kashi 95 cikin ɗari ta hanyar motsinsu kawai, da bayanan da ba su kai na minti biyar ba. Ke nan goge suna daga bayanai bai wadatar wajen kare sirrin mutum ba.

4.4 Aikin Gayya

Babu mutum ɗaya da zai iya haɗa lissafi da zane da sauti da tsara labari. Kwas ɗin da Randy Pausch ya fara a Jami'ar Carnegie Mellon a 1998, mai suna Building Virtual Worlds, ya zama abin koyi a wannan fuska. Ana haɗa ɗaliban kwamfuta da na zane da na wasan kwaikwayo a ƙananan rukunoni, a ba su kimanin mako biyu su gina duniya guda, sannan a wargaza rukunonin a sake haɗa wasu. Cibiyar da aka kafa domin wannan aiki ma mutum biyu ne suka jagorance ta, Pausch daga kimiyyar kwamfuta da Don Marinelli daga sashen wasan kwaikwayo. Hikimar ita ce ɗalibi ya saba aiki da wanda ba ya jin yaren sana'arsa.

5.0 Tsufan Na'ura da Ɗorewar Ilimi

Tarihin kasuwar yana cike da na'urorin da suka zo da ƙarfi suka tafi. Kamfanin Nintendo ya fitar da Virtual Boy a 1995, ya daina ƙera shi a shekarar da ta biyo. Google ya dakatar da sayar wa jama'a tabaransa na Glass a farkon 2015, ya kuma yi watsi da tsarinsa na Daydream a 2019, shekara uku bayan fitar da shi. Microsoft ya daina ƙera HoloLens 2 a 2024. Ɗalibin da bai koyi komai ba sai sarrafa ɗaya daga cikin waɗannan, iliminsa ya tafi tare da ita.

Akwai kuma tsada. Apple Vision Pro ya shiga kasuwa a 2024 a kan dala 3,499. Jami'ar da ta gina kwas ɗinta a kan irin wannan na'ura za ta riƙa sabunta kaya kusan kowace shekara. Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne wayar hannu. Da fitowar ARKit na Apple a 2017 da ARCore na Google a 2018, wayoyi da yawa sun iya gudanar da ƙari kan zahiri. A 2019 kuma ƙungiyar Khronos ta fitar da ƙa'idar OpenXR, wadda take ba da damar rubuta manhaja guda ta yi aiki a tabarau daban-daban. LaValle ma ya saka littafinsa na koyar da fannin a intanet kyauta, kuma babi-babinsa sun fi karkata ga lissafi da haske da gani da ji a kan bayanin wata na'ura. Lissafin Hamilton da gwajin Wheatstone sun haura shekara 180 suna aiki, kuma a kan irinsu ne kwas mai inganci yake kafa harsashinsa.

6.0 Gurbin Masana Harshe da Al'ada

Idan tushen fannin sanin ɗan'adam ne, to ɗan'adam bai tsaya ga ido da kunne ba. Jeremy Bailenson da Jim Blascovich da abokansu sun nuna a farkon shekarun 2000 cewa mutane suna barin tazara tsakaninsu da mutum-mutumin kwaikwayo kamar yadda suke yi da mutum na gaskiya, kuma tazarar takan ƙaru idan mutum-mutumin yana kallon su ido cikin ido. Amma ma'anar tazara da kallo al'ada ce take yanke ta. A wajen Bahaushe, yaron da ya ƙura wa babba ido ya yi rashin kunya, alhali a wasu al'ummu kawar da ido ne abin zargi. Ruɗi na biyu da Slater ya ambata yana rushewa da zarar abin da ake gani ya saɓa wa abin da mai kallo ya sani.

Ana iya ganin haka a aikin adana kayan tarihi. Shirin Zamani na Jami'ar Cape Town, wanda Heinz Rüther ya kafa a 2004, ya yi amfani da hasken leza da hotuna wajen ɗaukar siffar wurare irin su majami'un Lalibela a Habasha, kufan Kilwa a Tanzaniya da masallacin Djenné a Mali. Irin wannan awo zai iya ɗaukar bakan gizon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, ba tare da kuskuren da ido zai gani ba. Amma leza ba ta san dalilin da ya sa baƙo yake tsayawa a zaure ya yi sallama ba, ko wanda yake da izinin wuce shigifa zuwa tsakar gida. Gidan Bahaushe na kwaikwayo da kowa yake kutsawa ko'ina a cikinsa ya yi daidai a awo, ya yi kuskure a ma'ana. Masanin al'ada ne zai gane wannan kuskure, kuma irin matsalar da Brooks yake nema daga wasu fannoni ke nan.

Fasahar ta riga ta taɓa labaran wannan yanki. A 2019 fim ɗin Joel Kachi Benson mai suna Daughters of Chibok ya ci kyauta a rukunin duniyar kwaikwayo a bikin fina-finai na Venice. Akwai kuma aikin da ya rataya kai tsaye a wuyan masana harshe, wato samar da daidaitattun kalmomin fannin a Hausa, domin sunayen da aka yi amfani da su a wannan maƙala bayani ne kawai, suna jiran tacewar masana.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa karatun duniyar kwaikwayo da ƙari kan zahiri ya tsiro ne a jami'o'i, ya kuma tsayu a kan lissafi, sanin gaɓɓai, awo da aikin gayya. Na'urori suna zuwa suna wucewa cikin 'yan shekaru, don haka jami'ar da take son buɗe wannan karatu, kafin ta tambayi tabarau nawa za ta saya, ya kamata ta tambayi ko tana da malaman lissafin siffofi, da masana halayyar ɗan'adam, da sassan da za su kawo matsalolin da suka cancanci a warware. Sassan harshe da al'ada suna daga cikin masu irin waɗannan matsaloli, kuma su ne za su iya faɗin ko duniyar da aka gina ta yi kama da ta mutanen da aka ce tasu ce.